Bolt nawa za a iya tarawa a ɗakin gwaji, kuma ta yaya tauraro ke wuce mu haka?

Mai Koyar da Kimiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyi biyu gare ni, kuma ina zaton tushensu ɗaya.

Ta farko. Ana cewa wani ɗan ƙaramin tauraro da ke tsakiyar gajimaren Kaguwa yana samar da boltej da sai an rubuta 1 a jera masa sifili 16 kafin a kai adadinsa. Can babu waya, babu taransifoma, babu janareta. Ta ina wutar ke fitowa? Mu kuma nan layin da ke kawo wuta Kumbotso daga Kaduna bolt 330,000 ne, kuma ko shi dubi irin tsawon turakunsa da jerin tangaran ɗin da aka rataye wayoyin a kai. Me ya tsayar da mu a nan?

Ta biyu. Ina so ɗaliban sakandare su ga tartsatsi na bolt 100,000 zuwa 200,000 da idonsu. Wace na'ura ce ta fi sauƙin haɗawa da kayan kasuwa, kuma ba za ta illata yaro ba? An ba da shawarar a ciro taransifomar maikurowef a fara da ita. Lissafi nake nema da ma'auni, don Allah.

Injiniya Dattijo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Maganar taransifomar maikurowef, a soke ta tun yanzu. Bolt 2,000 kacal take bayarwa, ba ta ma kusa da abin da kake nema ba, amma tana iya tura rabin amfiya ko fiye ba tare da ta gaji ba. Miliamfiya 50 zuwa 100 idan suka ratsa ƙirji sun isa su hargitsa bugun zuciya. Na'urar yanke wuta ta gida ma ba za ta ceci kowa ba, domin ba ta ganin abin da ke faruwa a ɓangaren fitar taransifomar. Ta kashe mutane da yawa, har da waɗanda suka san aikin wuta.

Abin da ya dace da makaranta shi ne injin Van de Graaff, wanda bel ɗin roba ke ɗaukar caji yana tarawa a kan ƙwallon ƙarfe. Kafin kayan haɗi, ga lambar da komai ya rataya a kanta: busasshiyar iska tana jure kusan bolt 30,000 a kowace santimita. Da an wuce haka sai ta tsage ta zama hanyar wuta. Saboda haka ƙwallon ƙarfe mai santsi ba zai riƙe fiye da 30,000 sau nisan tsakiyarsa zuwa bakinsa a santimita ba. Ƙwallo mai faɗin santimita 30, rabinsa 15, iyakarsa a takarda 450,000. A zahiri, da ramin da aka huda a ƙasansa da ɗan kaushin jiki, ka sa rai da 200,000 zuwa 250,000. Ya wadatar.

Ginshiƙi: bututun PVC na inci 4, tsawon santimita 60 zuwa 75. Idan ya gaza haka, wutar za ta riƙa bin jikin bututun tana sauka ƙasa. Kai: kwanukan silba biyu masu zurfi a kifa juna. Leɓen kwano shi ne babban maƙiyi, a yanke shi a goge da sanfefa har ya yi sumul, ko a samu kwano marar leɓe. Bel: roba mai faɗin santimita 5, irin ta motsa jiki ko farar roba mai laushi. Kada a yanko tib ɗin taya. Baƙin garin da ake cuɗawa a robar taya yana ɗaukar wuta, bel ɗin zai riƙa mayar da cajin ƙasa da kansa, injin zai yi ta juyi babu ko ƙyas. Gargare biyu masu faɗin santimita 4, kuma dole kayansu su bambanta, domin daga haɗuwar roba da su cajin ke fitowa: na ƙasa a naɗe shi da farin tef ɗin masu aikin famfo, na sama ya zama alminiyom ko nailan. A bar tsakiyar kowanne ya ɗan fi gefe kauri, in ba haka ba bel zai riƙa zamewa gefe guda. Sai buroshi biyu na siraran zaren jan ƙarfe, kowanne ya tsaya milimita 3 zuwa 5 daga bel, kada ya taɓa. Na ƙasa a haɗa shi da ƙasa. Na sama a haɗa shi da cikin kwanon, ba wajensa ba. Wannan ne sirrin injin: duk cajin da aka kai cikin ƙwallon ƙarfe yana gudu ya koma fatar waje, ciki ya zauna fayau, don haka bel zai ci gaba da zuba masa komai yawan abin da ya riga ya tara.

Motar keken ɗinki ta isa. A juyi 3,000 a minti bel yana gudun kusan mita 6 a daƙiƙa. Fuskar roba ba ta ɗaukar fiye da maikurokulom 26 a murabba'in mita kafin iskar da ke kanta ta tsage, to iyakar kwararar kusan maikuro'amfiya 8 ke nan, a aikace 2 zuwa 5. Ƙwallon da kansa fikofarad 17 ne, a bolt 250,000 abin da ya adana rabin jul ne. Yana da zafi, yana firgita, amma bai kai jul 10 da ake fara lissafin haɗari daga kansa ba. Sharaɗi: kada a taɓa haɗa masa kwandansa ko kwalbar tara caji don a ƙara kaurin tartsatsi. Nan take lissafin ya tashi daga wasa. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya matso, wayoyi da kwamfuta a ajiye su nesa.

Idan ya ƙi aiki, kusan kullum ɗayan uku ne. Danshi: a watan Agusta siririn ruwa yana kwanciya a kan bututu da bel ya sace cajin, sai an busar da su da na'urar busar gashi. Hunturu ne lokacinsa, daga Disamba zuwa Fabrairu, amma a riƙa goge ƙura domin kowace ƙwaya tsini ce. Maiƙon hannu: a wanke bel da gargare da sifirit. Tsini: a kashe fitila a duba, duk inda ka ga shuɗin haske yana tsiyaya da ɗan sauti sii, nan wutar ke zuba.

Wannan ma ya amsa rabin tambayarka ta farko. Tara boltej ba wuya, riƙe shi ne aiki. Van de Graaff, wanda ya ƙirƙiro injin, ya samu bolt 80,000 a Princeton a 1929, kuma da yake son miliyoyi sai da ya gina ƙwallaye masu faɗin mita 4 da rabi a 1933. Injin irin wannan da ya fi kowanne, na Oak Ridge a Amurka, ya kai bolt miliyan 25.5, kuma sai da aka rufe shi cikin ƙatuwar tankin gas mai matsi.

Malama Mai Taurari ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Malam, kuma Injiniya ya kai maganar inda ya kamata. Ni zan ɗauki ɓangaren sama.

A sararin samaniya ba da gogayya ake samun manyan boltej ba. Da ka'idar janareta ake samu, wadda Faraday ya nuna a 1831: idan abu mai ɗaukar wuta ya ratsa filin maganaɗisu, boltej yana bayyana tsakanin bakinsa biyu. Lissafin ninka abu uku ne, gudu a mita cikin daƙiƙa, ƙarfin maganaɗisu a tesla, da tsawon abin a mita. Mu a ƙasa duka ukun ƙanana ne a hannunmu. A sama ko dai ɗaya ya yi girman da ba ya misaltuwa, ko duka.

Fara da wanda mutane suka gwada. A Fabrairun 1996 jirgin sama jannati na Columbia ya saki wani tauraron ɗan'adam na Italiya a ɗaure da waya. Jirgin yana gudun kusan kilomita 7.7 a daƙiƙa cikin maganaɗisun duniya, wanda bai wuce 'yan maikurotesla goma-goma ba. Kowace mita ta waya ƙasa da bolt ɗaya bisa biyar take samu. Amma da wayar ta kai kilomita 19.7, boltej ya kai kusan 3,500. Rufin wayar yana da rauni a wani wuri, tartsatsi ya tashi ya ƙone ta, tauraron ya tafi abinsa. Ka ga ko a can matsalar riƙewa ce ta ɓata gwajin.

Sai Io, ɗaya daga cikin watannin Jufita. Maganaɗisun Jufita yana juyawa da ita, yana share Io da gudun kusan kilomita 57 a daƙiƙa. Ƙarfinsa a wurin kamar maikurotesla 2 ne kawai, ya fi namu rauni nesa ba kusa ba, amma faɗin Io kilomita 3,640 ne. Ninka su, za ka samu bolt 400,000 da 'yan kai. Ya ɗan ɗara layin Kumbotso, sai dai kwararar da ke tsakanin Io da Jufita amfiya miliyoyi ce, har tana barin tabon haske a saman Jufita inda take sauka.

Yanzu Kaguwa. Ragowar tauraron da ya fashe ne, masanan Sin suka rubuta ganinsa a 1054, har da rana ana ganinsa na tsawon kwana 23. Nisansa kusan shekarar haske 6,500. A daren hunturu yana gabas da Kaza da 'Ya'yanta, amma sai da madubin hangen nesa. Abin da ya rage a tsakiya dunƙulen nutron ne, wato ƙwayoyin cikin atom marasa caji da suka matsu wuri guda, daga tsakiyarsa zuwa baki kamar kilomita 10, nauyinsa ya fi na rana, yana juyawa sau 30 a daƙiƙa. Fatarsa a tsakiya tana gudun kusan kilomita 1,900 a daƙiƙa ke nan. Maganaɗisunsa wajen tesla miliyan 400, alhali na'urar hoton asibiti tesla 1.5 zuwa 3 ce, mafi ƙarfin da ɗakunan bincike ke iya riƙewa kuma wajen 45. Ninka 1,900,000 da 400,000,000 da 10,000, amsar ta haura 1 mai sifili 18. Ba dukansa ne ke aiki ba. Goldreich da Julian sun nuna a 1969 cewa ƙarfin yana fizgo ƙwayoyin caji daga jikin tauraron su cika kewayensa, kuma su suna gudana a sauƙaƙe a kan layukan maganaɗisu, sai su shafe yawancin bambancin. Abin da ya saura a layukan da ke buɗe zuwa waje shi ne mai sifili 16 ɗin da ka ji.

Kada ɗalibai su ɗauka wani ƙaton tartsatsi ne ke tashi a can. Babu wanda ya kai mita ya auna. Shaidar ita ce ƙwayoyin da boltej ɗin ya harba. A 2021 cibiyar LHAASO da ke kan tsaunukan Sichuan a Sin ta ba da rahoton ƙwayar haske daga Kaguwa mai ƙarfin elektron-bolt 1.1 sau 1 mai sifili 15 (elektron-bolt ɗaya shi ne ƙarfin da elektron ke samu idan ya ratsa bolt ɗaya). Elektron ɗin da ya haife ta dole ya fi haka. Akwai ma wadda ta wuce nan: a Oktoban 1991 wata na'ura a Utah ta kama ƙwaya guda mai ƙarfin 3 da sifili 20, kusan jul 50 a cikin abin da bai kai atom ba. Har yau ba a tantance inda ta fito ba.

Mu da ba mu da irin wannan fili, dabara muka koma. Babban injin CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin atom ta Turai, mai zagayen kilomita 27 yana kai furoton elektron-bolt tiriliyan 6.8, amma babu inda aka tara bolt tiriliyan a cikinsa. Furoton yana zagayawa sau 11,000 da ɗoriya a daƙiƙa, kowane zagaye a ƙara masa kamar rabin miliyan, a yi ta haka kusan minti 20.

Mafi girman boltej da ke kusa da mu yana cikin hadarin damina. Masu bincike a Ooty ta Indiya sun auna bolt biliyan 1.3 a wani hadari na ranar 1 ga Disamba 2014, ta hanyar lura da yadda ya rage muwon, wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke saukowa daga sama. Abin da ke ɗaure kai, ƙarfin da ake aunawa a cikin gajimare da wuya ya wuce bolt 4,000 a santimita, ƙasa sosai da abin da ake buƙata iska ta tsage, amma aradu tana faɗuwa. Ana danganta farawarta da tsinin ƙanƙara da ɗigon ruwa, ana kuma danganta ta da elektron masu gudu da ƙwayoyin sama ke tayarwa, bayanin da Gurevich ya kawo a 1992.

Mai Koyar da Kimiyya ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama. Biyu suka ƙaru. Tunda iska ce ke tsagewa, me zai hana a zuƙe ta a yi aikin cikin kwalbar da babu iska? Sannan filaibak, wato taransifomar babban boltej ta tsohuwar talabijin, yana nan birjik wurin masu gyara. Ba za a iya ninka nasa ya kai 100,000 ba?

Usta Mai Gyara ya rubuta:

Malam, za a iya, amma wannan na malami ne a bayan ƙofa, ba na hannun yara ba.

Filaibak na talabijin mai kala yana ba da bolt 25,000 zuwa 30,000, sai dai akwai dayod a binne cikinsa, DC yake fitarwa. Tsanin ninkawa kuwa, wato jerin kwandansa da dayod da ke ninka boltej, AC yake ci. Ko ka nemi na tsohuwar baƙi-da-fari, ko ka fasa ka ɗauki baƙin ƙarfen tsakiyar ka yi naɗinka. A juyi 20,000 cikin daƙiƙa wannan ƙarfen yana ba da bolt 4 zuwa 5 a kowane zagaye, to zagaye wajen 1,100 na waya mai kaurin milimita 0.1 zai ba ka 5,000. A yi shi hawa-hawa, zagaye 100 sai tef mai jure wuta, a bar milimita 3 a kowane gefe. Yawancin naɗin da ke ƙonewa ta gefen nan wutar ke tsallakawa.

Tsanin shi ne wanda Cockcroft da Walton suka yi amfani da shi a Kambirij a 1932 suka fasa atom ɗin litiyom. Kowane mataki kwandansa biyu da dayod biyu, kuma yana ƙara ninki biyu na ƙololuwar abin da aka shigar. Mataki 10 a kan 5,000 ya ba da 100,000 idan ba a ja komai ba. Kowace kwandansa da dayod 10,000 suke gani, don haka a sayi masu jure 20,000: kwandansar tangaran nanofarad 1 guda 20, dayod irin 2CL77 guda 20. Dayod ɗin maikurowef ba ya yi, an yi shi ne don wutar gida mai juyi 50, a 20,000 zafi kawai zai yi.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne zaton ƙara mataki ƙara wuta ne. Faɗuwar boltej tana tafiya da adadin mataki sau kansa sau kansa. Raba kwarara da juyi sau girman kwandansa, sannan ka ninka da 715 idan mataki 10 ne. Maikuro'amfiya 100 a juyi 20,000 da nanofarad 1 ya ba da 5, sau 715, asarar 3,575. Babu laifi. A mataki 20 lambar ta haura 5,500, asara ta kusa 28,000. A wutar gida mai juyi 50 kuwa lissafin asarar ya fi abin da tsanin zai iya bayarwa gaba ɗaya, shi ya sa ba a haɗa shi kai tsaye da taransifomar gida.

Kowane haɗin dalma a yi shi dunƙule kamar ƙwayar gero, kada a bar bakin waya a tsaye. A nutsar da tsanin duka cikin man taransifoma a bututun PVC, a bar shi ya kwana kumfa ta fita. A bakin fita a jera rezista masu jure 10,000 kowanne, megohm 10 guda 10. Su ne ke tsare dayod daga mutuwa a tartsatsin farko, su ne kuma ke tsayar da kwarara a miliamfiya 1. Suna zafi idan tartsatsi ya daɗe. Rezistan rediyo na yau da kullum 'yan ɗaruruwan bolt yake jurewa, wutar za ta tsallake shi ta waje.

Bayan an kashe, caji yana nan. A taɓa bakin fita da ƙugiyar da aka haɗa da ƙasa, a kan sandar PVC mai tsawon mita 1, a bar ta a maƙale, domin kwandansa takan dawo da wani cajin bayan an sauke ta. Hannu ɗaya a aljihu, tagogi a buɗe saboda warin ozon, kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai.

Malama Mai Taurari ta rubuta:

Maganar kwalba, Malam, kada a yi. Dalili biyu.

Idan aka fara zuƙe iska, tsagewarta sauƙi take ƙarawa kafin ta yi wuya. Paschen ya auna wannan a 1889. Elektron yana samun filin gudu tsakanin karo da karo, sai ya fi iya fasa ƙwayar iskar da ya tarar. A tazarar santimita 1, idan matsi ya sauka kusan kashi ɗaya cikin 1,300 na iskar waje, bolt 327 kacal ya isa. Famfon da za a samu a makaranta a wannan yankin mai rauni zai bar ka.

Idan kuma an samu famfo mai kyau aka zuƙe sosai, sai haɗari na gaske ya zo. Elektron suna fizgowa daga ƙananan tsinin ƙarfe, babu abin da zai tare su, su daki ɗaya bakin da cikakken ƙarfinsu. Haka ake yin hasken eksire na asibiti. Daga wajen bolt 20,000 yana ratsa gilashi, ba a ganinsa, ba a jinsa. Saboda shi ne aka cuɗa dalma a gilashin kwalbar talabijin. Tsanin da Usta ya bayyana kada a haɗa shi da tsohon bawul na rediyo ko wata kwalba marar iska ko sau ɗaya. Manyan injuna ma sun bi ta ɗaya hanyar ce, suna ƙara matsi da gas ɗin SF6, wanda ya fi iska juriya kusan sau biyu da rabi tun kafin a matsa shi.

Don yara su ga gas yana haske, doguwar fitilar fulorasan ta isa, ko da ta daina kamawa a silin. A haɗa baki ɗaya da wayar ƙasa, a riƙe ta da sandar roba, a kawo ɗaya bakin kamar santimita 5 zuwa 10 daga kwanon Van de Graaff a ɗaki mai duhu. Za ta riƙa walƙawa da kowane tartsatsi, kuma daga yawan walƙawar a minti za su iya lissafa maikuro'amfiya nawa bel ɗin ke kawowa.